Naman Kirsimeti da Sabuwar Shekara: watanda, taure, kaji, ko awo a wurin mahauci?

Tun tsakiyar Nuwamba, da hazo ya fara rufe duwatsun Jos, leɓɓa suka fara tsagewa, ƙanwar maigidana takan bugo mini waya daga Kaduna da tambayarta ta kullum: "Yaya, bana me za mu yanka?" Ni ma amsata ba ta sauyawa: "Ku nawa za ku zo, kuma kwana nawa za ku yi?" Shekara 11 ke nan kicin ɗin babban gida yana hannuna a lokacin Kirsimeti, tun da ƙafafun Mama, surukata, suka daina barinta ta tsaya a gaban murhu. Abin da na lura da shi a tsawon wannan lokaci, mutane kan sayi dabba saboda rana ɗaya, alhali hidimar ta kwana 9 ce, daga jajibere, 24 ga Disamba, har 1 ga Janairu. Gidan da ya cinye namansa ranar 25 da 26, shi za ku ga yana aiken yaro kasuwa ranar 28 da kuɗin da aka ɓoye domin makarantar yara a Janairu.

Hanyoyin da yawancinmu ke bi guda 4 ne: shiga watandar sa, sayen taure ko akuya, kaji, ko kuma a riƙa zuwa wurin mahauci ana awo. Duk na gwada su, wasu fiye da sau ɗaya. Ban sa alade a lissafin nan ba, ko da yake kasuwarsa ta Katsit a Kafanchan sananniya ce, domin gidan da ke aika wa maƙwabtansa Musulmi abinci ba ya haɗa tukunyarsa da shi.

A fara da takardar girki kafin a nufi kara

Kafin a yi maganar dabba, a zauna da biro da takarda a rubuta abin da za a ci kowace rana. Ga yadda nake tsara namu na mutum 15, manya da yara.

Ranar jajibere ba a girki mai nauyi, domin hannu duk yana wurin suya. Farfesun kayan ciki da burodi ko dankalin turawa, sai kunun gyaɗa mai zafi ga waɗanda suka dawo daga waƙoƙin dare a majami'a. Ranar 25 ita ce babbar tukunya: jallof, farar shinkafa da miya ga dattawan da ba sa son yaji, soyayyen nama, haɗin kabeji da karas, zoɓo da kunun zaƙi. Ranar 26 masa da miyar taushe. Daga 27 zuwa 30 ciki ya gaji da maiƙo, sai a koma abincin gida: tuwon acca da miyar karkashi, gwate da ganye, wake da shinkafa, doya da miyar ƙwai, tuwon masara da miyar kuka. A waɗannan kwanaki nama ɗanɗano ne kawai, yanka ɗaya ga kowa, ƙashi da romo su yi sauran aikin. Daren 31 mutane na dawowa daga addu'ar shiga sabuwar shekara cikin sanyi mai ratsa ƙashi, ba abin da suke nema sai farfesu da shayi. Ranar 1 ga Janairu kuma a sake ɗora babbar tukunya. Wanda gidansu ke Kagoro ma ya san cewa baƙin ranar bikin Afan, wanda ake yi 1 ga Janairu, kan fi na ranar Kirsimeti yawa.

Daga nan sai a ƙirga yanka. Ranar Kirsimeti mutum 15, ci biyu, yanka bibbiyu, 60 ke nan. Baƙi masu zuwa barka, a ware musu 30. Kwanon maƙwabta 8, yanka hurhuɗu, 32. Kwana 6 na tsakiya, yanka 15 kullum, 90. Sabuwar Shekara 60. Jimla ta kama 270 da 'yan kai. A kicin ɗina kilo ɗaya na naman sa yana ba ni matsakaicin yanka wajen 15, don haka abin da nake nema kilo 18 ne, ban da kayan ciki na farfesu. Ku yi naku lissafin. Da wannan adadi a hannu ne za ku san ko taure ɗaya zai kai ku, ko kuwa zai yashe ku a tsakiyar mako.

Ma'aunin da za a gwada kowace hanya da shi

Na farko kuɗi, amma ba kuɗin da dillali ya faɗa ba. Abin tambaya shi ne, nawa kilo ɗaya na naman da ya shiga tukunya ya tsaya muku, bayan an haɗa la'ada, kuɗin mota, kuɗin fiɗa, dusa da harawa, itace da mai. Farashi yana sauyawa duk mako a Disamba, domin a lokacin ne tireloli ke kwasar shanu da awaki daga kasuwanni irin su Potiskum, Maigatari da Mubi zuwa Legas, Onica da Fatakwal, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 kuɗin dako ya zama babban kaso na kuɗin kowace dabba. Saboda haka ku riƙe hanyar lissafin, ku zuba farashin kasuwarku a ciki.

Na biyu auki da daɗewa: kwana nawa naman zai kai idan babu wuta. Duk wanda ya ga yadda yawancin jihohin Arewa suka yi kwana da kwanaki cikin duhu a Oktoban 2024 ba zai sake jingina hidimar gidansa kacokan a kan firiza ba. Na uku wahala: hannu nawa ake buƙata, kuma a wace rana. Na huɗu haɗari: ciwo, sata, cuta a ciniki, ko rigima.

Akwai na biyar, wanda a wurina yana gaba da wasu daga cikin waɗancan. Wa ya yanka? A unguwarmu, kamar yadda naman layya ke shigo mana ranar Babbar Sallah, haka kwanonmu ke fita ranar Kirsimeti. Mama ba ta taɓa yarda a sa wa dabba wuƙa a gidan nan ba sai an kira Malam na bayan layinmu ya yanka, don kowa ya ci da kwanciyar rai. Duk hanyar da kuka zaɓa, ku tabbata za ku iya amsa wannan tambaya idan maƙwabciya ta yi ta.

Watanda

Mutum 10 ko 12 su haɗa kuɗi, a sayi sa, a yanka a raba. Wasu a majami'a suke haɗuwa, ta hannun Zumuntar Mata ko ƙungiyar maza, wasu a wurin aiki, wasu kuma adashe suke zubawa tun Fabrairu ko Maris, ta yadda Disamba ba za ta same su da neman dunƙulallen kuɗi ba. Wannan shi ne babban daɗinta: ana biya a hankali.

Ta fuskar kuɗi, ban ga hanyar da ta kai ta sauƙi a kan kilo ba. Sa yakan ba da nama da ƙashi kimanin rabin nauyinsa yana raye. Idan sa mai kilo 250 ne, za a samu wajen kilo 125, a raba 10 kowa ya tashi da kilo 12 da wani abu, sannan ga kason hanta, tumbi, hanji, ƙoda, da abin da aka yanke game da kai, ƙafa da fata. Ribar da mahauci zai ci, ku kuka cinye ta. Amma a lura, cikin kilo 12 ɗin nan akwai ƙashi da kitse, ba zallar tsoka ba ce. Gida irin namu mai neman kilo 18, kashi ɗaya ba ya isarsa, sai a ɗauki ɗaya da rabi, ko a cike da kaji.

Wajen daɗewa, naman sa ne sarki. A tafasa shi da gishiri, citta, albasa da tafarnuwa, a tsame ya tsane sosai, a soya har ruwan jikinsa ya ƙone. A baza shi a faranti ya huce sarai kafin a rufe, kuma kada a ƙulle shi a leda, gumi ne ke ɓata shi. A zuba a kwando ko tukunya mai shan iska, duk bayan kwana 2 a mayar da shi kasko ya ji wuta. Busasshiyar iskar hunturu tana taimakawa ƙwarai, da haka yakan kai mu Sabuwar Shekara lafiya lau ba tare da firiza ba. Tsokar cinya kuwa, idan aka yi dambun nama da ita aka soya ya bushe, makonni yake yi, har yara su tafi da shi makarantar kwana. Romon tafashen kada a zubar, shi ne ran miyar kwanakin tsakiya, sai dai dole a tafasa shi safe da yamma.

Wahalarta a dunƙule take zuwa. Nama mai yawa ya shigo gida lokaci ɗaya, kayan ciki kuma ba sa jira, dole a wanke su a dafa a ranar. Ana buƙatar aƙalla mutum 3 a kicin na tsawon yini.

Haɗarinta kuwa mutane ne. Wata shekara mun shiga watandar da mai riƙe da kuɗin ya yi ta jan ƙafa, wai yana jiran farashi ya sauka. Bai je kara ba sai ranar 24 da rana, lokacin da shanun kirki sun ƙare, ya dawo da wata tsohuwar saniya da ana iya ƙirga haƙarƙarinta daga nesa. Aka yanka bayan la'asar, aka yi rabo da fitilar waya. Da na juye kasona a baho a gida, fiye da rabinsa ƙashi ne da jijiya. Mama ta daɗe tana kallon bahon ba ta ce komai ba, daga baya ta ce, "'Yata, ɗora ruwa, mu yi abin da za mu iya." Har ƙarfe 2 na dare muna gaban murhu, naman bai yi laushi ba, kuma a shekarar kwano 4 kawai muka iya fitarwa maimakon 8. Abin ya daɗe yana yi mini ciwo.

Tun daga lokacin ba na shiga watanda sai an cika sharuɗɗan nan. A rufe karɓar kuɗi a ƙarshen Nuwamba, wanda bai cika ba a mayar masa da nasa. Mutum 3 su je kara tare, ɗaya daga cikinsu ya san shanu. A yanka ranar 23 da asuba, a kwata inda ma'aikacin lafiyar dabbobi zai duba hanta da huhu, domin tarin fuka da tsutsar hanta ba a ganinsu daga waje. A yi rabo da sikeli da rana tsaka. A rubuta tun farko wa zai ɗauki kai, ƙafa da fata, ko kuma a sayar a rage kuɗin fiɗa. Wajen ɗaukar kaso kuma a bi tsohuwar dabarar iyayenmu: a jera tsibi-tsibi a kan buhu, a sa yaro ya juya baya, wani ya nuna tsibi ya ce "na wa?", yaron ya kira suna. Ban taɓa ganin an yi faɗa a inda aka yi haka ba.

Taure ko akuya

Dabba taku ce ku kaɗai, ba jiran kowa, ba rigimar rabo. Yara kuma suna murnar ganin abin yanka ɗaure a tsakar gida, wannan ma wani abu ne.

Sai dai idan aka auna da kilo, ita ce ta fi tsada cikin jan nama. Jar akuya irin ta Sakkwato da Maraɗi mai kilo 25 tana raye, da ƙyar za ta ba ku kilo 11 ko 12 bayan fiɗa, kuma ƙashinta da yawa. Ido yakan ruɗi mutum a kasuwa, musamman idan an ɗura wa dabbar ruwa da dusa cikinta ya yi tulu. A taɓa gadon bayanta da gindin wutsiya, a nan ake jin tsoka, ba a ciki ba. Taure, wato wanda aka dandaƙe, ya fi bunsuru kitse da rashin ƙarni. Macen kuma a tabbata ba ta da ciki.

Wanda ya saya tun Oktoba ko farkon Nuwamba zai samu rangwame, amma ya ɗauki nauyin harawa, dusa da tsaro har mako 6 ko fiye. Satar awaki tana yawaita a Disamba, kowa ya san wannan, kuma akuyar da aka kawo daga wuri mai zafi zuwa sanyin Filato takan kamu da mura da zawo. Idan hanci yana yoyo ko bayanta ya ɓaci da kashi, a bar ta komai arharta.

Inda akuya ba ta da na biyu shi ne farfesu. A babbake ta da fatarta, a sa citta, masoro, kimba da attaruhu, a miƙa wa wanda ya shigo daga sanyin dare, zai yi ta sa muku albarka. Soyayyen namanta yana yin kwanaki kamar na sa, illa dai ba ya auki: yakan tsuke a kasko, yanka ya koma rabinsa. Mutum 2 sun isa su gama da ita cikin awa 3. Ga gida mai mutum 6 zuwa 8 tana iya kaiwa ƙarshen mako idan an yi tattali, ga gida mai 15 kuwa kwana 2 ne.

Kaji

A nan sai an rarrabe, domin kaji iri-iri ne kuma lissafinsu ya bambanta.

Kajin gidan gona na nama suna isa yanka cikin mako 6 zuwa 8. Wanda zai kiwata da kansa, ya ƙirga baya daga 25 ga Disamba: 'yan tsaki su shigo tsakanin 30 ga Oktoba da 13 ga Nuwamba. Ana sayar da su a kwali mai 50, don haka gidaje 2 ko 3 kan haɗu su raba. Kowace kaza takan ci kilo 4 zuwa 5 na abinci kafin ta isa, wato kaji 20 za su tashi da buhu 4 masu kilo 25, kuma abincin nan shi ne wajen kashi biyu cikin uku na kuɗin kiwon baki ɗaya. Idan masara da waken suya sun yi tsada a shekarar, ribar kiwon gida takan zama kaɗan. Kaza mai kilo 2 da rabi tana raye tana ba da fiye da kilo 1 da rabi bayan an fige an gyara, ta fi sa da akuya yawan abin da ke shiga tukunya. Kaji 10 za su ba ku abin da ya kusa kilo 18 ɗin da na lissafa.

Matsalar ita ce lokacin kiwon ya faɗo daidai shigowar hunturu. Ɗan tsako a makonsa na farko yana son ɗumi sama da digiri 30, daren Jos kuwa yana sanyi sosai tun Nuwamba, sai an kwana ana duba gawayi ko fitila, a kuma bar kafar iska don hayaƙi kada ya kashe su. Ga rigakafin ciwon Gumboro da kuma Lasota, wato rigakafin annobar Niyukasul, da ba a tsallakewa. Mu nan muna da sa'a, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa tana Vom, kusa da mu, kuma tana haɗa rigakafin kaji, amma rigakafi sai an riƙe shi cikin ƙanƙara har ya isa bakin kaza. Akwai kuma murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatar da ita a Najeriya a jihar Kaduna a Fabrairun 2006, kuma tana dawowa lokaci-lokaci. Idan kaji sun fara mutuwa da yawa a rana ɗaya, kada a yanka ragowar a ci, a kira likitan dabbobi. Wanda bai taɓa kiwo ba, ban ba shi shawarar ya fara da na Kirsimeti ba. Ya ba amintaccen mai kiwo kafin alƙalami tun Nuwamba a tsayar da farashi, ya kuma tambaye shi yaushe ya daina ba su magani, domin akwai kwanakin da ake jira kafin a yanka.

Raunin kazar gidan gona shi ne ba ta daɗewa. Namanta ruwa ne da shi, ko an soya, kwana 2 ya yi yawa idan babu firij. Amma tana da wata fa'ida da sa ba shi da ita: ana ajiye ta da ranta. A yanka 5 ranar 24, 2 a tsakiyar mako, 3 ranar 31, ba ruwanku da wutar lantarki. Abincinsu na waɗannan kwanaki kawai za a ƙara a lissafi. Figa ce wahalar, ruwan zafi da hannuwa da yawa, kuma aikin yakan faɗa kan 'yan mata a cikin sanyin asuba.

Kajin Hausa da zabi sun fi daɗi nesa ba kusa ba, miyarsu tana ƙamshi, soyayyensu kuma ya fi jure kwanaki domin naman a tsuke yake. Sai dai kaza ɗaya da wuya ta kai kilo 1 bayan an gyara, ga tsada a Disamba. Hunturu kuma shi ne lokacin annobar da likitoci ke kira Niyukasul, wadda ke share kajin ƙauye, shi ya sa za ku ga wasu na rububin sayarwa da arha. Kazar da ke gyangyaɗi, ta saki fiffike, ko kashinta kore ne, a bar ta. Ni nakan sayi 2 ko 3 ne kawai domin miyar Baba da Mama.

Talotalo na ganin ido ne da girmama babban baƙo. Kuɗinsa ɗaya yakan sayi kaji da yawa, ƙirjinsa kuma yana bushewa idan mai girki ba ta saba da shi ba. Kajin ƙanƙara da ake shigowa da su ta kan iyaka kuwa, gwamnati ta haramta shigo da su, ba ku san sau nawa suka narke a hanya ba, ba ku kuma san wanda ya yanka ba. Ba na kai su kicin ɗina.

Awo a wurin mahauci

Ita ce hanya mafi sauƙin aiki: ba kiwo, ba fiɗa, ba jiran kowa, kuma ku ne za ku nuna inda za a yankar muku. Kilo ya fi na watanda tsada, amma babu asara, kuɗinku na zallar abin da kuke so ne. Daɗewa ba ta taso ba, tun da kullum sabo za a saya. Batun yanka ma a warware yake, galibin mahautanmu Musulmi ne. Haɗarinta biyu ne: farashi yakan yi tsalle daga 23 zuwa 25 da kuma ranar 31, ga cunkoso, sannan kuɗi yana zurarewa kaɗan-kaɗan ba a sani ba sai an zo lissafi. Maganinsa a je da sassafe, a tsaya wurin mahauci ɗaya da aka saba da shi, a gaya masa adadin tun mako guda kafin ranar, a kuma ware kuɗin naman a ambulan daban.

| Hanya | Kuɗi a kan kilo | Daɗewa ba firiza | Wahala | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Watandar sa | Mafi sauƙi | Mako guda ko fiye idan an soya, dambu makonni | Mai yawa, a yini ɗaya | Rashin amanar mai riƙe kuɗi, rigimar rabo |
| Taure ko akuya | Mafi tsada cikin jan nama | Kwanaki, amma ba auki | Matsakaiciya | Sata, ciwo, ruɗin ido a kasuwa |
| Kajin gidan gona | Matsakaici, ya danganta da kuɗin abincinsu | Kwana 1 zuwa 2, amma ana ajiye su da rai | Figa, kiwo kuma aikin mako 6 zuwa 8 | Mutuwa saboda sanyi ko annoba |
| Kajin Hausa da zabi | Mai tsada | Sun fi na gona jurewa | Figa | Annobar hunturu |
| Awo a wurin mahauci | Sama da watanda | Ana saye kullum | Kaɗan | Tashin farashi, kuɗi na zurarewa |

Wani abu da teburin bai nuna ba: ranar Kirsimeti ba nama ne ya fi kwantar da mutane ba, shinkafa ce da haɗin kabeji. Jallof da aka zuba a kula tun safe aka bari har dare, da kabejin da aka cakuɗa da mayonis irin su Bama ya yini a kan tebur, su ne ke jawo ciwon ciki ranar 26. A dafa shinkafa sau 2, a riƙa haɗa kabejin kaɗan-kaɗan. Kayan lambu dai ba su da tsada a wannan lokaci, ga na fadamun Filato, ga dankali daga Bokkos da Mangu, su ne ke sa nama kaɗan ya yi auki.

Wace hanya ta dace da wa

Babban gida mai mutum 12 zuwa sama, inda baƙi za su kwana har Sabuwar Shekara kuma wuta ba ta da tabbas: watanda, muddin kun san mai riƙe da kuɗin kuma an yarda da sharuɗɗan da na ambata. A ƙara kaji kaɗan masu rai domin ranar 1 ga Janairu.

Gida mai mutum 6 zuwa 8 da ke son abin yankansa na kansa, kuma akwai katanga da wurin ɗaurewa: taure ɗaya, a saya kafin Disamba ta kama, a cike kwanakin tsakiya da wake, ƙwai da busasshen kifi.

Gida mai yara da yawa, ko wanda hidimarsa ta rabu biyu tsakanin 25 da 1 ga wata: kajin gidan gona, a yi ta yanka daidai buƙata. Wanda ya saba kiwo ya kiwata har ya sayar da rara ya mayar da kuɗin abincinsu, wanda bai saba ba ya ba da kafin alƙalami.

Ma'aurata sababbi, mai zaman ɗaki ɗaya a gidan haya, ko wanda zai yi Kirsimeti a gari ya wuce ƙauye ranar 26: mahauci. Kilo 3 da kaza 1 sun isa a ci, a fitar da kwano 2 ko 3. Wanda albashinsa ba ya shigowa sai bayan 20 ga wata, shi ma nan ya dosa bana, sannan ya nemi adashen watanda tun Fabrairu saboda baɗi.

Masu zuwa daga Abuja ko Legas da ke tambayar me za su kawo: ku turo kuɗin kasonku tun Nuwamba, lokacin da yake da amfani, kada ku iso ranar 24 da daddare da rago a bayan mota, babu mai fiɗa, babu itace.

Mu bana kashi ɗaya da rabi muka shiga a watandar unguwa, za a yanka ranar 23 da asuba. Na ba da kafin alƙalamin kaji 6, da zabi 2 na Baba. Ƙanwar maigida kuma na ce ta biyo ta Kachia ta taho mana da citta, kada ta sayi komai bayan wannan.